Hannun da Ya Kitsa Pastin Denzil

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Juma'a aka bugo waya caji ofis, aka ce an samu Denzil Nankervis a mace a rumfar lambunsa da ke bayan cocin Porthlenna. Sufeto Perran Jelbert ya bar shayinsa a kan tebur, ya kira Sajan Wenna Hocking, suka hau mota.

Babu wanda bai san Denzil ba a garinmu. Shekararsa saba'in da takwas, talatin daga ciki a ramin kuza ya yi su kafin a rufe ramin. Abu biyu muka san shi da su: manyan albasa, da bakin da ba ya raga wa kowa, har da fasto.

Sun tarar da shi kwance a gefen benci, hularsa a ƙasa. Ga filas ɗin shayi a buɗe, ga wata jakar takarda da maiƙo ya ratsa, babu komai a cikinta sai burbushi. Likita na tsugune kusa da gawar.

"Zuciya ce ta tsaya," in ji likitan. "Dama yana shan maganinta. Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Ya yi amai, kuma akwai yankakken ganye a ciki. Matar da ta same shi ta ce kafin ya cika yana ta cewa komai ya koma masa rawaya."

"Me wannan ke nufi?"

"Ka ba ni zuwa gobe da safe. Ba na son azarɓaɓi."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa tana murza hankici. Hilary Luscombe ce, mai lambun da ke jikin nasa. Shekararta ashirin da shida a Porthlenna, amma har gobe baƙuwa muke ce mata, domin daga Devon ta ƙetaro kogi, kuma in ta yi pasti, gasasshen kwaɓin fulawar nan mai haɗi a ciki, ta ƙi daina kitsa bakinsa a sama kamar zankon zakara, alhali kowa ya san a gefe ake kitsa shi.

"Ƙarfe nawa kika zo nan, Misis Luscombe?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ɗaya saura kwata. Daga gida kai tsaye. Na ji nishi, na leƙo."

"Kafin nan ba ki fito ba?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Kin san abin da ya ci?"

"Haba Sufeto, kai ma ka sani. Yau Juma'a. Pastin Loveday Trembath ne. Ƙarfe sha ɗaya take ajiye masa a kan katangarta ta wajen hanyar lambu, shi kuma ya ɗauka in ya zo wucewa. Ni dai ban ce komai ba, amma ranar Laraba har bakin teku an jiyo faɗansu."

Sufeto ya rubuta, bai ɗago ba. Ya daɗe da sanin cewa a garin nan, wanda ya ce maka bai ce komai ba, to ya gama faɗa.

Washegari ƙarfe tara likita ya bugo. Dafin furen nan ne mai kama da jerin ƙananan ƙararrawa, wanda ke fitowa a gindin kowace katanga a nan, wanda kowace uwa ke hana ɗanta taɓawa. An yanka ganyensa an gasa shi cikin cuku, kuma ƙarfin cukun ya danne ɗacinsa. Mai lafiya zai iya sha da ƙyar bayan kwana biyu yana amai. Mai shan maganin zuciya irin na Denzil kuwa, sai dai a yi haƙuri.

Gidan Loveday Trembath shi ne na ƙarshe kafin hanyar lambu. Sun same ta a kicin, hannu dumu-dumu da fulawa, tana murza kwaɓi. 'Yar gajeruwa ce, shekara saba'in da huɗu, kuma bahaguwa. Ba ta ce su zauna ba.

"Ɗan gidan Jelbert ne wannan? Kai da kake hawa katangata kana satar tuffa, yau an ba ka hula ka zo ka tuhume ni?"

"Ina kwana, Misis Trembath. Kin yi wa Denzil pasti jiya?"

"Na yi masa jiya, na yi masa makon jiya, na yi masa kowace Juma'a shekara goma sha tara. Tambaye ni abin da garin nan bai sani ba."

"Guda nawa kika yi masa?"

"Ɗaya. Cikinsa biyu ne?"

Irin na da take yi, irin na masu shiga rami. Kai guda cuku da albasa da ganyen ƙamshi, ɗaya kan tuffa da sukari, da 'yar katangar kwaɓi a tsakani don kada su haɗu. Sai ta ninke shi kamar rabin wata, ta kitsa bakin da yatsu, ta manna harafin farko na sunan mai shi a kan da ke da tuffa. Daga wajen cuku ake farawa, a ƙare da zaƙi.

"An ce kun yi faɗa ranar Laraba," in ji Sufeto.

"Mun yi. Ya kunna shara hayaƙi ya turnuƙe mini shanya. Na ce masa jaki, ya ce mini mayya. Haka muke gaisawa."

"To me ya sa kike ciyar da mutumin da ba kya so?"

Ta tsaya da murzawa. "Ranar da rami ya rufta, shi ya ɗauko mijina Wilf a kafaɗa ya fito da shi. Saboda jakin nan Wilf ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ban taɓa cewa ina son sa ba. Cewa na yi zan ciyar da shi. Kuma da kashe shi nake son yi, da wannan sandar murjin zan yi, ba zan ɓata man shanuna ba."

Daga ƙofar baya wani dogon mutum ya yafito Sufeto. Jago ne, ɗanta tilo, ɗan shekara arba'in da takwas, mai gyaran injin jiragen kamun kifi. Tun da mai gidan da yake haya ya mayar da gidan na 'yan hutun bazara, Jago a cikin tsohuwar karaban, ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, yake kwana a bayan tashar jiragen.

Ya kai su gindin katanga, ya nuna da ƙafa. Ga ganyen ƙamshin Loveday, ga kuma furen mai dafi a jikinsa, tazararsu ba ta kai taki ɗaya ba.

"Ba na son in faɗi wannan, Perran," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Mama ba kamar da take ba. Idonta ya yi rauni, tana mantuwa. Watan jiya ta bar gas a kunne. Na samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi, wuri mai kyau, ta ƙi sa hannu. Yanzu ga abin da ya faru. Ranar Litinin likita da jami'ar jin daɗin jama'a za su zo su duba ta. Kuskure ne kawai, ba da gangan ta yi ba."

"Kai ina kake jiya da safe?"

"Ina tasha tun bakwai, kaina a cikin inji."

"Kana taya ta aikin pasti?"

Jago ya yi 'yar dariya. "Ni? Ko ƙwai ban iya dafawa ba."

Tagar kicin ta buɗe da ƙarfi. "Ina jin ka, Jago! Kunnena ma ya yi rauni ne? Shekara hamsin ina tsinkar ganyen nan, ko da ido rufe ba zan haɗa shi da dafi ba. Kai kuma ɗan Jelbert, ka gaya wa masu zuwa Litinin, gawata ce za ta bar kicin ɗin nan. Ban kashe shi ba, kuma ban rikice ba. Ku nemi ta uku."

Ta rufe tagar. Gaskiyar magana, tsohuwar tana tsakanin wuta biyu. In an ce da gangan ne, kurkuku. In an ce kuskure ne, ranar Litinin za a raba ta da gidan da aka kawo ta tana amarya, a kai ta inda ko wuƙar yanka albasa ba za a bari ta riƙe ba.

Da suka fito hanya, Sajan Wenna ta juyo wajen Sufeto.

"Yallaɓai, ka duba inda aka cire ganyen dafin? Da wuƙa aka yanke shi, sumul. Ganyen ƙamshin kuwa duk da farce aka tsinke shi. Ka ga farcen babban yatsanta na hagu? Kore shar."

"Na gani," in ji Sufeto. "Amma wannan ba zai tsaya a gaban alƙali ba."

Kafin sha biyu suka ƙwanƙwasa kowace ƙofa a layin. Ba su samu komai ba sai a bakin mai raba wasiƙu, wanda ya ce ya ga Hilary Luscombe wajen sha ɗaya da rabi na ranar Juma'a a hanyar lambu, tana sauri, da jakar takarda a ƙarƙashin rigar sanyinta.

Hilary ta buɗe musu ƙofa da fara'a. Fara'ar ba ta daɗe ba.

"Kin ce ko ƙofa ba ki leƙa ba kafin ɗaya saura kwata," in ji Sufeto.

"Haka ne."

"To wa ya ari fuskarki da rigarki ya bi hanyar lambu sha ɗaya da rabi?"

"Ƙila na fita shan iska. Laifi ne?"

"Shan iska ba laifi ba ne. Me ke cikin jakar takardar?"

"Wace jaka?"

"Misis Luscombe, mutum ya mutu. An gan ki da irin jakar da aka samu kusa da gawarsa, kuma kin yi mini ƙarya. Ko ki gaya mini a nan, ko ki gaya mini a caji ofis."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta juya ta buɗe firji, ta jawo wani faranti daga can baya. A kai akwai pasti guda, an yanke masa kan cuku, ga harafin D a ɗaya kan.

"Tsintarsa na yi," ta ce, kamar za ta yi kuka. "A cikin shingen da ke kwanar hanya. Ba jefar da shi aka yi ba, a kan wani faffaɗan dutse aka kwantar da shi, an ninke bakin jakar tsaf. Da ɗuminsa ma."

"Me ya sa kika ɗauka?"

"Shekara ashirin da shida matar nan tana cinye gasar pasti ta coci! Na tambaye ta me take sa wa kwaɓinta, ta ce mini haƙuri da tarbiyya. So nake in buɗe in gani da idona. In garin nan ya ji na saci pastinta don in kwaikwaya, ina zan sa kaina?"

"Kin ci?"

"Na ɗan ɗanɗana."

"Ta wajen cukun?"

"Eh."

"Kuma ga ki a tsaye," in ji Sajan Wenna. "Yaya kika ji shi?"

Hilary ta haɗe rai. "Ba laifi."

A mota Sufeto ya ɗora farantin a cinya, ya daɗe yana kallonsa. Loveday ta ce guda ɗaya ta yi wa Denzil, ga shi nan kuma lafiya lau. Ke nan wani ya ɗauke nata daga kan katanga ya ajiye nasa. Amma wanda aka ajiye ɗin yana cikin gawa, ba abin da ya rage sai burbushi.

"Da dai ya rage mana ko loma ɗaya," ya ce.

Sajan Wenna ta taka birki har farantin ya kusa zamewa.

"Yallaɓai, kakana ma ɗan rami ne. Bai taɓa cinye pasti duka ba. Lomar ƙarshe ta mutanen ɓoye ce, masu ƙwanƙwasa dutse su gargaɗi masu haƙa kafin rami ya rufta. Har ya mutu a kan gadon asibiti yana ɓoye musu rabonsu a ƙarƙashin matashi."

"Denzil dattijon coci ne, Wenna. Shi ke karɓar baiko."

"Shi ya sa ba zai ajiye a inda za a gani ba."

Suka koma rumfar lambun, suka cire zaren 'yan sanda. Sun duba ƙarƙashin benci, sun duba bayan buhunan taki, babu. Sai Sufeto ya hau kan bokiti ya shafa saman katakon da ke riƙe da rufi. Hannunsa ya taɓa wani abu. Ya sauko da shi a hankali: kusurwar pasti, tsawon yatsa uku, ɓera ya ɗan gutsuri gefe guda, amma ga harafin D, ga kitson baki bai lalace ba.

Wenna ta jera shi kusa da na cikin faranti a kan benci. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Ba hannu ɗaya ba ne."

"Nuna mini."

"Dubi nata. Bahaguwa ce, don haka kitsonta hagu yake kwantawa. Wannan kuwa dama ya kwanta. Mai hannun dama ne ya yi shi."

"Rabin garin nan da dama suke aiki. Har da Hilary."

"Hilary ba za ta iya kitson gefe ba ko za a ba ta kyautar coci. Kuma dubi ƙarshen. Kowa a garin nan matse wutsiyar kitson yake ya bar ta a waje. Loveday kaɗai ke lanƙwasa ta ƙasa ta danna da yatsa sau biyu. Ga shi a nata, ga shi a wannan."

"Ke nan mai hannun dama ne da ya koya a wurinta."

"Kuma ba ta taɓa koya wa kowa ba, yallaɓai. Matan coci sun roƙe ta har sun gaji."

Sufeto ya ƙura wa kitson ido. Ransa ya ɓaci, domin ya tuna wani abu da ya gani ta saman katanga shekara arba'in da suka wuce, lokacin da yake satar tuffa: wani yaro tsaye a kan kujera a kicin ɗin nan, yana fuskantar uwarsa ta ɗaya gefen tebur, yana yin duk abin da hannunta ya yi.

Ƙarfe huɗu suka koma gidan. Loveday ta cika tire da pasti na taron makokin Denzil, saura 'yan kaɗan ba ta rufe ba.

"Kun dawo? In yunwa ce ta kawo ku, ba na ku ba ne."

Sufeto ya ajiye farantin a kan tebur, ya ajiye kusurwar a gefensa. "Wannan naki ne, an tsince shi a shinge. Wannan kuma ragowar wanda Denzil ya ci ne. Ki duba mini su."

Ta goge hannu a zanen girkin da ta ɗaura, ta ɗauki kusurwar, ta kai ta wajen taga. Matar da aka ce idonta ya yi rauni, kallo ɗaya ta yi masa. Ta juya shi, ta shafa wutsiyar kitson da babban yatsa. Ta daɗe a tsaye ta ba su baya.

Da ta juyo, muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Nawa ne."

"Misis Trembath..."

"Na ce nawa ne. Biyu na yi, na manta. Ai an gaya maka ina mantuwa. Na rikice, na haɗa ganye. Kawo takardar nan ta Jago in sa hannu, a kai ni inda za a kai ni."

"Da safe kin ce gawarki ce za ta bar kicin ɗin nan."

"Da safe na faɗa, yanzu na fasa. Tsohuwa ce ni, ina da ikon sauya magana."

Sufeto ya turo mata faifan kwaɓi guda da aka riga aka zuba wa cuku da tuffa. "To kitsa mini wannan da hannun dama."

"Ba ka isa ka ba ni umarni a kicin ɗina ba, ɗan Jelbert."

Ƙofar baya ta buɗe, Jago ya shigo yana goge baƙin mai a hannunsa. Ya ga faranti, ya ga kusurwar a hannun uwarsa, ya tsaya cak.

"Yauwa, Jago, gara da ka zo," in ji Sufeto. "Mahaifiyarka ta amsa cewa ita ta yi."

Jago ya kawar da kai daga farantin. "Na gaya maka kuskure ne. Zan kira gidan tsofaffin, ƙila su karɓe ta tun kafin Litinin."

"Maganar gidan tsofaffi ta ƙare. Pasti biyu ne. An ɗauke mai kyau an ɓoye a shinge, an ajiye mai dafi a madadinsa. Mai mantuwa ba ya yin haka. Wannan shiri ne, kuma shari'ar kisa ce. In ta tsaya a kan cewa ita ce, daga nan sai caji ofis, daga can sai kotu. A shekarunta, ka san ba za ta fito da ƙafarta ba. Sajan."

Wenna ta ciro ankwa. Loveday ta ajiye kusurwar, ta miƙo hannuwa biyu, fulawa har gwiwar hannu, ta ɗaga haɓa.

"Sa mini, 'yar nan. Me kike jira?"

"Mama..."

"Rufe mini baki, Jago. Ba da kai ake ba. Je ka wanke hannunka, ka cika mini kicin da warin inji."

Ƙarfen ya taɓa wuyan hannunta na hagu. Jago ya dubi hannun nan, ya dubi ƙasa, ya sake duban hannun.

"Cire mata," ya ce. "Wenna, don Allah cire mata. Ni ne."

"Ƙarya yake!" Loveday ta daka tsawa. "Ko ƙwai bai iya dafawa ba, kai ma ka ji!"

"Ya isa, Mama." Ya zube a kan kujera. "A karaban na gasa shi da sassafe. Na yanki ganyen tun ranar Alhamis. Da kika ajiye naki kika shiga ciki, na musanya."

Sufeto ya karanta masa haƙƙinsa, sannan ya ce, "Me Denzil ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Ban san yana shan maganin zuciya ba, na rantse. So nake ya yi amai kwana biyu, a ce Mama ta rikice, a sa ta a wurin da za a kula da ita, ni kuma in samu gidan. Damina uku ina kwana a cikin gwangwani, Perran. A garin da aka haife ni, baƙi sun saye kowane gida suna kulle shi wata tara."

"Na ba ka ɗakin baya," in ji Loveday. Muryarta ta sauka. "Sau nawa na ba ka?"

"Ɗakin baya, ina da shekara arba'in da takwas, kina gaya mini lokacin da zan goge ƙafa."

"Gas ɗin da aka bari a kunne fa?" Sufeto ya tambaya.

Jago ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Abu ɗaya ban gane ba. Ga teku, ga kwandon shara, ga tsuntsayen da ke ƙwace abinci a hannun mutane. Me ya sa ka kwantar da nata a kan dutse ka ninke bakin jakar?"

Jago ya ɗago yana kallonsa kamar ya yi tambayar wauta. "Na Mama ne fa. Na kasa ci, kuma ba a jefar da shi."

Wenna ta sa masa ankwar. Kafin su kai ƙofa, labari ya riga su fita, domin a Porthlenna motar 'yan sanda ba ta tsayawa sau biyu a ƙofa ɗaya a banza. Rabin layin sun fito, wasu da tsintsiya a hannu kamar shara suke yi.

Sufeto ya ce a bi ta ƙofar baya. Loveday ta ce ba a isa ba. Ta cire zanen girkin, ta gyara gashinta, ta buɗe ƙofar gaba da kanta, ta kama gwiwar hannun ɗanta ta taka da shi har bakin mota.

"Kallon me kuke yi?" ta ce da jama'a. "Ba ku taɓa ganin uwa ta raka ɗanta ba? Wadda ta tabbata nata ba zai taɓa ba ta kunya ba, ta matso in gan ta."

Ba wadda ta matso. Masu tsintsiya suka koma shara da gaske.

Jago ya shiga mota yana kuka. Ba ta rungume shi ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta sa hannu ta gyara masa wuyan riga, ta rufe ƙofar motar da kanta.

Sufeto ya biyo ta har kicin. Ta koma gaban tebur ta jawo faifan kwaɓin da ya turo mata ɗazu, ta fara kitsa shi da hannun hagu.

"Akwai wanda zan kira ya zauna da ke, Misis Trembath?"

"Babu. Masu zuwa Litinin fa?"

"Zan buga musu waya. Ba wanda zai raba ki da gidan nan."

"To ka rubuta a rahotonka cewa idon Loveday Trembath garau yake, hankalinta kuma ƙalau."

"Zan rubuta."

Ta lanƙwasa wutsiyar kitson, yatsanta ya tsaya a kai bai danna ba.

"Da ma ƙaryar tasa gaskiya ce, ɗan nan," ta ce. "Da na rikice ɗin, da yau ban gane hannunsa ba. Fita mini daga kicin, ina da makoki gobe."